Anti, Baba ya ce karatun masu jan fenti nake yi, ni kuma kwas biyu nake so in haɗa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a wata jami'ar gwamnati nan Legas, na gama aji ɗaya zan shiga aji biyu a sashen tsara birane. Gaskiya abun da yasa na cika kwas ɗin a JAMB shine naga an rubuta yana ƙarƙashin tsangayar kimiyyar muhalli, ni kuma tun ina ƙarama ruwa ke cin unguwarmu a bayan kasuwar Mile 12, kusan duk shekara sai mun ɗora katifu kan durom, in ruwan ya janye rijiyarmu ta canza kala yara suyi ta gudawa. So nake in san me ke cikin ruwan nan kuma ya za'a yi a hana shi shigowa. To da na shiga sai na tarar zane ne da taswira da lissafi, har yau ko cokali ɗaya na ruwa ban taɓa gwadawa ba. Wata ƙawata tace a Ingila da Amurka mutum na iya haɗa biyun lokaci guda, shine nake tunanin in yi rajista a buɗaɗɗiyar jami'a in dinga yin kimiyyar muhalli a gefe, Mama tace zata saida 'yan kunnenta ta bani kuɗin amma kar Baba ya ji. Shi Baba dama ba son kwas ɗin yake ba, nas yaso in zama, don an taɓa shafa wa shagonsa jan fenti aka zo da katafila aka rushe, tun daga nan duk mai aikin tsara gari sunansa mai jan fenti a wajensa. Yace shekara biyar ya ɗauka ko kwana ɗaya bazai ƙara ba. Yayana kuma sai tsokana wai digirin kwasar bola zanyi. Anti in haɗa biyun ne, ko in bar wannan in sake JAMB, ko in haƙura? Wallahi kaina ya kulle.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki kuma inda na tsaya shine maganar katifa kan durom, don nima na ɗora. Ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011 da aka wuni ana tafka ruwa a garin nan, a kan tebur na zauna da rabin buhun shinkafa a cinya ina kallon silifas ɗina yana yawo a tsakar ɗaki kamar kwale-kwale. Don haka bazan ce miki wannan son da kike wa karatun yarinta bane. Yarinyar da ta ga rijiya ta canza kala tace sai ta san dalili, ai da hankalinta.

Bari mu fara da sunan da ya ruɗe ki, kuma ba ke kaɗai ya ruɗa ba. A jami'o'inmu da yawa in an ce tsangayar kimiyyar muhalli, muhallin da ake nufi wanda mutum ya gina ne, shi yasa zaki tarar da masu zanen gini da masu ƙididdigar kuɗin gini da masu harkar filaye da gidaje da ku masu tsara birane duk a inuwa ɗaya. Shi kuwa gwada ruwa da ƙasa da iska yana wajen 'yan kemistiri da masu karatun ƙananan ƙwayoyin halitta, ko kwasa-kwasai irin na kula da muhalli da sanin guba da ake yi a jami'ar noma ta Abeokuta, Bayero ta Kano ma tana da sashen kula da muhalli daban da na tsara birane. Ƙawarki bata yi ƙarya ba, akwai ƙasashen da ɗalibi ke ɗaukar fanni biyu a digiri ɗaya, amma mu nan kwas ɗaya JAMB ke ba mutum, sashe ɗaya, kuma takardar da zaki fito da ita suna ɗaya za'a rubuta a kai.

Sai dai kar ki ɗauka kin yi ɓatan hanya, don waɗannan fannoni biyun tare suka taso. Hukumar tsara gari ta farko a Legas, LEDB, a 1928 Turawa suka kafa ta, kuma ba don ƙawa ba, annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa ce ta ɓarke a cikin Eko a shekarun 1920, cunkoso da ƙazanta suka ba ta wurin zama, sai aka ga magani kaɗai bazai yi ba sai an taɓa yadda garin yake zaune. A 1988 da aka kawo gangunan guba daga Italiya aka jibge a Koko, can jihar Delta ta yanzu, a shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya FEPA, kuma a shekarar dai aka kafa TOPREC mai yi wa masu tsara gari rajista. Ki zo 1992, dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli, wadda ake kira EIA, ita ce lamba 86, dokar tsara birane kuma lamba 88. Kinga ko a takarda maƙwabtan juna ne.

Yanzu ki dawo kan ruwan unguwarku, don a nan amsarki take. Ruwan da ke cin wajajen bayan Mile 12 iri biyu ne kuma nasan kin lura. Akwai na Yuni da Yuli, sama ta saki, kwata ta toshe da ledar fiya wata da robobi da ruɓaɓɓen kayan gwari, ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗaki. Akwai kuma na wajen Satumba da Oktoba wanda wani lokacin ko hadari babu sai kawai ki ga ruwa na tasowa a hankali, wannan kogin Ogun ne ya cika, musamman in an saki ruwa daga madatsar Oyan ta wajen Abeokuta, su kuma unguwanni irin Agiliti da Isheri da Owode a fadamar kogin suke zaune. Mai kimiyyar muhalli zai ɗebi ruwan rijiyarku a kwalba ya kai lab ya dawo yace miki akwai ƙwayoyin cuta irin na bayan gida a ciki, wato masai da rijiya sun gauraya lokacin ambaliya, ya gaya miki yadda za'a tace ko a dafa. Amma waye ya yarda a haƙa masai taku kaɗan daga rijiya, waye ya yanka filoti a fadama, ina tsohuwar hanyar ruwan da aka gina gida a kanta, in za'a buɗe ta gidaje nawa zata taɓa kuma ina za'a kai masu su, duk waɗannan tambayoyin teburinku suke zuwa. Ke da bakinki kika ce abu biyu kike so, ki san me ke cikin ruwan, ki san yadda za'a hana shi. Na farkon yana lab, na biyun kuwa kina zaune a ajinsa kina cewa zane ne kawai.

To maganar yin digiri biyu lokaci ɗaya, ni dai ban goyi baya ba, taura biyu bata taunuwa. Aji ɗayan da kika gama share fage ne, daga aji biyu ake shiga situdiyo gadan-gadan, a tura ku unguwa ku ƙirga gidaje ku auna faɗin layi ku tsaya bakin titi kuna ƙirga danfo da keke cikin rana, ku dawo ku kwana kan taswira sannan ku tsaya gaban malamai su yi ta yi muku tambayoyi, kuma aikin rukuni ne, in kin ɓace ranar fita fili 'yan rukuninku ne zasu fara kai ƙararki. Ki ɗora gosulon hanyar Ikorodu safe da yamma, sannan ki ɗora rajista biyu jarabawa biyu kuɗin kwas biyu. Abun da nake jiye miki shine ki fito da digiri biyu duk masu rauni, alhali guda ɗaya mai kyau shi ke buɗe ƙofar digiri na biyu da tallafin karatu. Kuma ki tuna sunanki yana rumbun JAMB a kan wannan kwas ɗin, da shi ake tantance masu tafiya bautar ƙasa, ba wurin da mutum zai je yana cusa suna sau biyu bisa maganar ƙawa bane ba tare da ya tambayi dokar makarantun biyu ba.

Dalilin da yasa nafi karkata ga ki riƙe wanda kike ciki kuwa shine lasisi. Tsara gari sana'a ce mai rajista, in kin gama kin yi bautar ƙasa kin yi aiki na wasu shekaru ƙarƙashin wanda ya riga ki kin ci jarabawar ƙwararru, sai ki shiga ƙungiyarsu NITP, TOPREC ta yi miki rajista, ki ga ana sa Tpl gaban sunanki, kuma akwai rahotannin da ake haɗawa da takardun neman izinin gini da sai mai rajista ya sa hannu da hatimi. Daga tsara birane zuwa digiri na biyu a kula da muhalli hanya ce da mutane ke bi kullum. In kika juya ta, kika fara da kimiyyar muhalli sannan kika dawo neman rajistar tsara gari, ana yi amma sai kin zagaya ta difloma da digiri na biyu, tafiyar tafi tsawo. Wato biyun zaki haɗa ɗin, a jere dai ba a gwamutse ba.

Kuma ba sai kin jira digiri na biyu ba kafin ki fara jan karatunki zuwa wajen ruwa. Satin farko da aka koma ki je wajen malamin da ke kula da ajinku, zuwa da kai yafi saƙo, ki ce masa ya nuna miki jerin kwasa-kwasan har aji biyar, zaki ga akwai na tsara muhalli da na EIA da na shara da magudanan ruwa suna gaba, ki tambaye shi waɗanne kwasa-kwasan zaɓi aka yarda ki ɗauko daga jogurafi ko tsangayar kimiyya. Ki sauke QGIS, manhajar taswira ce kyauta ba ko kobo, ki fara koya tun yanzu don ita ce yaren da ɓangarorin biyu ke ji. IT ɗinku, wato koyon aiki a wata ma'aikata na wata shida, yana zuwa a aji huɗu, kar ki bari sai lokaci ya ƙure ki ƙare a ofishin da za'a dinga aikenki sayo abinci, tun daga aji uku ki fara kai takarda LASEPA mai kula da gurɓatar muhalli a jihar nan, ko LAWMA mai kula da shara, ko kamfanonin da ke rubuta rahoton EIA, a nan zaki riƙe kwalbar ruwan da kike marmari da hannunki.

Furojet ɗinki na ƙarshe kuwa ai yana ƙofar gidanku. Ni da nice ke daga daminar bana zan fara. Ki samu littafi ɗaya, duk ranar da ruwa ya shigo ki rubuta kwanan wata, an yi ruwan sama ko ba'a yi ba, ya kai ina a jikin bango, kwana nawa yayi kafin ya janye. Ki bi layinku gida-gida ki ɗau hoton zanen da ruwa ya bari a bango da tef ɗin tela a jiki, wayarki zata ba ki lambar wurin ki ɗora a taswira. Ki auna taku nawa ne tsakanin kowace rijiya da masai mafi kusa. Ki nemi ƙawa a sashen ƙananan ƙwayoyin halitta wadda itama furojet take nema, ke ki kawo taswira ita ta gwada ruwan, kafin ambaliya da bayanta. Matan layin zasu buɗe miki ƙofa su gaya miki yaro nawa ya kwanta, abun da baƙo mai jaka da takarda bazai taɓa samu ba. Kafin ki kai aji biyar kina da bayanan damina uku ko huɗu a hannu lokacin da wasu ke neman taken furojet.

Amma bari in bar miki ƙofa ɗaya a buɗe don kar in yi miki dole. Akwai mutanen da zuciyarsu a lab take da gaske, zane baya shiga kansu ko shekara goma zasu yi. In kina zargin kina cikinsu ki gwada kanki kafin ki yanke, ki roƙi wani malami ko mai kula da lab ya bar ki ki zauna sati biyu kina kallo kina wanke kwalabe, don aikin akwai maimaici da jira da lissafin sinadarai, ba kullum ake gano abun mamaki ba. In kin fito har yanzu can ranki yake, to ki nemi canjin sashe a cikin makarantarku, wannan yafi sake JAMB nesa ba kusa ba, za'a duba makinki na aji ɗaya da sakamakonki na WAEC ko NECO musamman kemistiri da bayoloji. Yawancin kwasa-kwasan tsangayar kimiyya shekara huɗu ne, kinga ko an maida ki baya da shekara ɗaya kina iya fita cikin biyar ɗin da Baba ya ɗauka, amma fa yanzu ne lokacin, in kika kai aji uku lissafin ya ɓaci. Abu ɗaya dai, kar ki saki kujerar da kike kai sai kin ga takardar sabuwar a hannunki.

Yanzu Baba. Ƙanwata kar ki ga baƙinsa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ya tsaya yana kallon katafila na taka shagonsa ba da lakca zaki sauya masa ra'ayi ba, kuma gaskiya yana da hujja, tarihin tsara garin nan cike yake da rusau, ita kanta LEDB da rushe unguwanni aka san ta, a Yulin 1990 aka share Maroko zamanin gwamnan soja Raji Rasaki mutane dubbai ɗaruruwa suka rasa matsuguni, unguwar Otodo Gbame ma an rushe ta tsakanin 2016 zuwa 2017. In kika ce masa masu jan fenti basu da laifi kin rasa shi. Ki yarda da shi tukunna, sannan a hankali ki tuna masa benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, wani jan fentin in an shafa an kuma tsaya a kansa rai yake ceta. Sai ki kawo maganar da nake ganin zata fi shiga, ranar da aka shafa wa shagonsa fenti waye namu a wurin da ya iya karanta taswirar ya san me doka tace game da sanarwa da wa'adi ya tsaya ya yi magana? Kina jin Hausa kina jin Yarbanci kina jin buroka, in kika ƙara da wannan ilimin ke ce zaki zauna tsakanin 'yan kasuwa da hukuma kowa ya fahimci kowa. Kar ki tare shi yana dawowa daga kasuwa a gajiye, ki bari sai ranar da ya huta ya ci abinci, ki buga taswirar layinku ki ajiye gabansa ki nuna masa rufin gidanku da inda ruwa ke biyowa, gani ya kori ji. Shekara biyar ɗin da ya faɗa kuma ki karɓa hannu biyu ki yi godiya, mutum mai neman na yau da gobe da ya ɗauki biyar a kan kwas ɗin da baya so ai yayi ƙoƙari, sai dai ki roƙe shi in yajin aiki ya ja lokaci kar a ɗora miki, na ASUU a 2022 wata takwas ya ci.

Mama kuma Allah ya saka mata, amma kar ki karɓi 'yan kunnen nan. Zinaren mace ajiyarta ce ta ranar da ba'a fata, kuma abun da yafi damuna shine kalmar kar Baba ya ji, digiri ba abu bane da ake ɓoyewa shekara huɗu a gida ɗaya, ranar da ya tashi ji ba ke zaki sha faɗan ba ita ce, ki zama kin haɗa iyayenki a kan abun da ma ba dole bane. In akwai abun da ya cancanci a kashe wa kuɗi yanzu laftof ne mai ɗan ƙarfi da zai ɗauki manhajar zane da taswira, ko na hannu ne daga Ikeja, kuma a yi maganarsa a fili gaban kowa. In kuɗin makaranta ya fara nauyi ki duba bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, amma bashi ne ki sa Baba a ciki kafin ki cika.

Yayanki kuwa ki rabu da shi, ko kuma ranar da kuka biyo ta Ojota ki nuna masa tsaunin bolar Olusosun ki tambaye shi a ganinsa mutum nawa ke cin abinci a harkar. Bazan ɓoye miki ba dai, aiki baya jiran kowa a bakin get, aikin gwamnatin jiha ba abun jingina bane, waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu masu hannu ne a taswirar kwamfuta da rubuta rahoto, suna yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi aiki, kuma Kano da Kaduna da Maiduguri duk ruwa na cin su, in kika tashi komawa Arewa ilimin bazai zauna ba.

Ki je wajen malamin ajin naku, ki yi sati biyun nan a lab, sannan ki sake rubuto min abun da kika gani. Kuma ki yi sauri da hoton bangon nan kafin mai gidanku ya tashi yin fenti ya shafe zanen ruwan bara.